TAURARUWA MAI WUTSIYA: Tarihin Yadda Aka Lissafo Hanyarta, Da Yadda Za Ka Gwada A Wayarka

Yau ba maganar saitin waya za mu yi ba, tarihi ne. Amma kada ku ajiye wayar da nisa, akwai inda za mu buɗe kalkuleta. Rubutun yana da ɗan tsawo, a daure a bi shi a hankali.

A tsakiyar watan Oktoba na 2024, wanda duk ya fito bayan magariba ya dubi yamma a inda babu hasken lantarki, zai iya hango wata tauraruwa da jela ta miƙe sama kamar hayaƙi. Ni a wajen Kutawa na gan ta, nan ƙasar Dutsin-Ma, lokacin kaka ta kama, sama ta fara washewa. Wani dattijo da muke tare ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba." Kafin gari ya waye saƙonnin murya sun cika WhatsApp: wannan ya ce babban mutum zai rasu, wancan ya ce yunwa ce tafe. A yankin da dama mutane ba su barci da ido biyu rufe saboda matsalar tsaro, irin wannan magana ba wasa ba ce, tsoro take ƙarawa a kan tsoro.

To amma ga abin da bai zo a saƙonnin ba. Tauraruwar, wadda aka sa wa suna Tsuchinshan-ATLAS, tun farkon 2023 aka gano ta da na'urorin hangen nesa a Sin da Afirka ta Kudu. Kuma tun lokacin aka sanar cewa ƙarshen Satumba na 2024 za ta fi kusantar rana. Haka kuwa aka yi. Wato fiye da shekara ɗaya da rabi kafin mu ɗaga kai, an riga an rubuta ranar zuwanta. Ta yaya?

Sai mun koma baya.

A watan Nuwamba na 1577, daidai da shigowar azumin shekarar 985 ta Hijira, wata ƙatuwar mai wutsiya ta bayyana. A Istanbul akwai babban masanin taurari, Taƙiyyuddin, wanda Sarkin Daular Usmaniyya Murad na uku ya gina wa gidan nazarin sama. Aka tambaye shi fassara, ya ce alamar nasara ce a yaƙin da za a yi da Farisa. Sai ga annoba, ga mace-macen manya. Masu adawa da shi suka samu abin faɗa, a 1580 aka rushe gidan baki ɗaya. Mutumin nan fa gwani ne na gaske, yana da kayan awo masu inganci ƙwarai. Fassarar da aka sa shi yi ce ta ja masa.

Wannan tauraruwar dai, a Denmak wani mai suna Tycho Brahe ya bi ta dare bayan dare yana auna inda take tsakanin sauran taurari. Ya gwada awonsa da na waɗanda suka kalle ta daga wasu garuruwa. Dabarar mai sauƙi ce: ɗaga yatsanka, rufe ido ɗaya, sannan ka sauya. Za ka ga yatsan ya yi tsalle, amma bishiyar da ke nesa ba ta motsa ba. Da a ce tauraruwar tana kusa, cikin iskar duniyarmu kamar yadda aka ɗauka tun zamanin Aristotle, da masu kallo daga wurare daban-daban sun gan ta a gurbi daban-daban. Ba ta yi tsallen ba. Kenan ta fi wata nisa.

Mataimakinsa Johannes Kepler ne ya gaji takardun awon. Bayan shekaru yana fama da lissafin duniyar Mirriku, a 1609 ya fito da abin da ya girgiza masana: duniyoyi ba a kan cikakkiyar da'ira suke zagaya rana ba, a kan da'ira ce miƙaƙƙiya, mai kama da ƙwai, wadda ake kira elifs. Abin dariyar shi ne, shi kansa Kepler bai yarda masu wutsiya suna bin wannan doka ba. A ganinsa miƙewa kawai suke yi su wuce.

Bari mu tsaya a kan elifs ɗin nan, don in ba a gane shi ba, sauran duk ba zai shiga ba. Kun san yadda magini yake fitar da zagayen ɗaki ko rumbu: ya kafa turke ɗaya, ya ɗaura igiya, ya zagaya yana zana ƙasa. To yanzu kafa turke biyu. Ɗaura bakin igiya ɗaya a wannan, ɗaya a wancan, ka bar ta da sako-sako. Sa tsinke ka ja igiyar ta miƙe, ka zagaya kana zane. Abin da ya fito shi ne elifs. Rana tana kan turke ɗaya. A ɗaya turken babu komai, fili ne kawai. In turakun suna dab da juna, zanen zai yi kama da da'ira, irin hanyar duniyarmu kenan. In ka nisanta su har igiyar ta kusa miƙewa, zanen zai fito siriri dogo. Wannan ita ce hanyar mai wutsiya.

A watan Agusta na 1684 wani matashin masani ɗan Ingila, Edmond Halley, ya je Kambirij ya tambayi Isaac Newton: in ƙarfin da rana take jawo abu da shi yana raguwa da nisa, ta yadda in nisan ya ninka biyu ƙarfin zai koma kashi ɗaya cikin huɗu, wace irin hanya abin zai bi? Newton ya ce elifs, ai ya taɓa lissafawa. Wannan tambaya ce ta haifi littafinsa Principia na 1687, wanda Halley ya biya kuɗin bugawa daga aljihunsa. A ciki Newton ya ɗauki babbar mai wutsiya ta 1680 ya nuna cewa wadda aka gani tana dosar rana a Nuwamba da wadda aka gani tana barinta a Disamba, guda ɗaya ce, kwana ta sha a bayan rana. Ya kuma ba da hanyar fitar da falakin tauraruwa daga kallo uku kacal.

Me ya sa uku? Don ka siffanta hanyar abu a sarari kana bukatar lambobi shida: girman hanyar, sirantarta, lambobi uku na yadda ta karkata da inda ta fuskanta, sai ranar da abin ya fi kusantar rana. Kowane kallo ɗaya yana ba ka lamba biyu, kusurwar gefe da ta sama. Nisa kam ido ba ya ba ka, kuma nan wahalar take. Kallo uku, lamba shida. Sauran aikin haƙuri ne da alƙalami.

Halley ya zauna ya yi wa masu wutsiya 24 wannan lissafi da hannu, ya buga a 1705. Da ya jera sakamakon sai ya lura uku sun yi kama ƙwarai: ta 1531 da Peter Apian ya auna a Jamus, ta 1607 da Kepler ya auna, da ta 1682 da shi ya gani da idonsa. Karkatarsu ɗaya, kusancinsu da rana ɗaya, kuma duk ukun baibai suke zagaye, saɓanin inda duniyoyi suke bi. Tsakaninsu shekara 76 da 75. Ya ce ai wannan baƙuwa ɗaya ce take zuwa tana komawa, kuma a saurare ta wajen 1758. Ya san ba zai kai ba. Ya rasu a Janairun 1742 yana da shekara 85.

A nan zan ɗan ratse zuwa gida, don a wannan zamani ɗin ƙasar Katsina tana da nata gwanin lissafi. Sunansa Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wato Bakatsine. A Katsina ya yi karatunsa na farko, ana kuma danganta shi da makarantar masallacin Gobarau. Ya tafi aikin Hajji wajen 1730, daga nan ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya rubuta bayani a kan yadda ake gina hatimi, wato jadawalin lambobin nan da in ka tara kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya za ka samu. Mai gida tara, daga 1 zuwa 9, ko'ina 15 yake bayarwa. Shi ya ba da ƙa'idojin gina manya, masu layi biyar, bakwai, tara, zuwa sama, kuma har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa a kan wannan. Littattafansa sun haɗa da Bahjat al-Afaƙ da Al-Durr al-Manzum. A gidan Shaihu Hasan al-Jabarti ya sauka, wanda shi ma masanin falaki ne, a nan ya rasu, ya bar masa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shahararren marubucin tarihin Masar, shi ya adana mana labarinsa. Shekarar rasuwarsa 1154 ta Hijira, wadda ta faro a Maris na 1741 ta ƙare a Maris na 1742. Ku duba da kyau: cikin wannan shekara ɗin Halley ma ya rasu.

Ba ina cewa Bakatsinen ya lissafa falakin mai wutsiya ba, kar a je a ce na faɗa. Lissafinsa wata fuska ya dosa, ta sirrin haruffa da lambobi da tasirin taurari. Abin da nake so a gani shi ne ƙwaƙwalwa ba ita ta bambanta su ba. Malamanmu sun iya hisabi. Har gobe a karkarar Kurfi da Dutsin-Ma akwai dattawan da za su lissafa maka taurarin shekara 28, kowace da kwana 13, su ce maka yau kwana kaza da shigar Zira'a ko Nasara, su faɗa maka ko shuka za ta yi. Rubuta abin da aka gani a sama ma an yi: a wani rubutun hannu na Tumbuktu akwai bayanin daren da taurari suka yi ta zuba a watan Rajab na 991, wato 1583. Abin da Halley ya samu a hannunsa daban ne. Wani mutum a 1531 bai tsaya a "mun ga tauraruwa" ba, ya rubuta daren kaza tana kusurwa kaza daga tauraro kaza, aka buga, takardar ta rayu shekara 170 har ta iso ga mai bukatarta. A ganina a nan duk labarin ya rataya. Ba don awon Apian da na Kepler ba, da dokar Newton ba ta da abin da za ta kama.

Mu koma kan alƙawarin 1758. Matsalar ita ce tafiyar ba ta cika daidai kowane zagaye, saboda manyan duniyoyi, Mushtari da Zuhal, suna fizgar tauraruwar in ta gifta. Mutum uku a Faransa suka ɗauki aikin: Alexis Clairaut, Jérôme Lalande, da wata mata, Nicole-Reine Lepaute. Wata shida suna lissafi safe da yamma, suna bin tauraruwar mataki-mataki na tsawon shekara 150, a kowane mataki su auna fizgar duniyoyin biyu. Abin da Excel zai gama kafin ka kurɓi shayi. Suka ce za ta makara da kwana 618, Mushtari ya ci 518, Zuhal 100, don haka tsakiyar Afrilu na 1759 za ta fi kusantar rana, da yiwuwar kuskuren wata ɗaya. Sunan matar nan fa Clairaut bai sa shi ba da ya buga littafinsa, Lalande ne daga baya ya fito da haƙƙinta.

Kuma wa ya fara ganinta? Ba farfesa ba. Wani manomi ne a Jamus, Johann Palitzsch, mai sha'awar kallon sama, daren 25 ga Disamba 1758. Ta kai kusa da rana ranar 13 ga Maris 1759, cikin watan nan ɗaya da suka ware. Daga nan aka sa mata sunan Halley. Lokacin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana yaro ɗan shekara huɗu. Da ta dawo a 1835, Muhammadu Bello ne Sarkin Musulmi a Sakkwato.

Zuwanta na 1910 shi ne ya fi dacewa da maganar dattijon nan namu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko bai cika shekara huɗu a gadon sarauta ba, ƙasa tana hannun Turawa. Tauraruwa ta fito da ƙatuwar jela, sai ga shi ranar 6 ga Mayu Sarkin Ingila Edward na bakwai ya mutu. Mai neman hujjar "ganinki ba alheri ba" ya samu. Kuma kar ku ɗauka mu kaɗai ne da camfi: da aka ji duniya za ta ratsa ta cikin jelar ranar 19 ga Mayu, kuma akwai iska mai guba a ciki, mutane a Amurka da Turai suka riƙa toshe ƙofofi, 'yan damfara suna sayar da ƙwayar maganin tauraruwa. Ba abin da ya faru. Alhali tun kafin ta iso, masana biyu a Ingila, Cowell da Crommelin, sun lissafa ranar kusantarta da rana, kuskurensu bai wuce kwana uku ba. Baƙon da aka san ranar zuwansa tun sarki yana da ƙoshin lafiya, da wuya a ce saƙon mutuwa ya kawo. A cikin shekara 76 kuwa, wace shekara ce babu babban da ya rasu? Musulmi ma yana da abin tunawa: ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka haɗa abin biyu, Annabi ya gyara musu cewa ba don mutuwar wani ko rayuwarsa hakan ke faruwa ba.

Yanzu ɗauko wayar. Buɗe kalkuleta, ka juya wayar a kwance don maɓallan kimiyya su fito.

Ma'auninmu shi ne nisan duniya da rana, kilomita miliyan 150. Mu kira shi taki ɗaya. Dokar Kepler ta uku, ta 1619, ta ce: shekarun zagaye sau kansu, daidai suke da rabin tsawon elifs sau kansa sau uku. Danna 76 × 76, za ka samu 5776. Sai ka nemi lambar da in ka ninka ta sau uku za ta ba da haka: danna ∛, ko ka rubuta 5776^(1÷3). Amsa 17.94. Kenan tsawon hanyar daga kai zuwa kai taki 35.9 ne. Awo ya nuna tana kusantar rana har taki 0.59. Cire shi daga 35.9, saura 35.3. Iyakar nisanta kenan, bayan duniyar Neftun. Sirantar hanyar kuma: 1 − (0.59 ÷ 17.94), ya ba da 0.967. Sifili cikakkiyar da'ira ce, duniyarmu 0.017 take. In lambar ta kai 1, hanyar ta buɗe, ba dawowa. Tsuchinshan-ATLAS ta 2024 a bakin 1 ɗin take, shi ya sa ba mu ba ita, ko jikokin jikokinmu ba za su gan ta ba.

Malaman makaranta, ga abin yi da ɗalibai a filin ƙwallo: turke biyu, tsakaninsu mita 34.7, igiya mita 35.9. Zanen zai fito da faɗin kamar mita 9 kawai. Sannan a zagaye turke ɗaya da da'irar mita ɗaya, a ce wa yara ga duk inda duniyarmu take yawo. Za ku ga yadda za su yi shiru.

Saura tambaya mafi daɗi: a wane wuri take a rana kaza? Ba a raba hanyar daidai da shekaru, don gudunta ba ɗaya ba ne. Kusa da rana tana yin kilomita 54 a daƙiƙa, a can ƙarshe ko kilomita ɗaya ba ta cikawa. Kepler ya bar mana lissafin: E = M + e × sin E. M shi ne rabon lokacin da ya wuce, e sirantar nan 0.967, E kuma ita muke nema. Ka lura E tana hagu tana dama. Ba a warware shi kai tsaye, sai da cinke da gyara, kamar cinikin kasuwa: ka taya, a rage, ka ƙara, har a daidaita.

Mu gwada. Ta kusanci rana ranar 9 ga Fabrairu 1986. Ina take bayan shekara 10? Da farko tabbatar kalkuletarka tana kan Rad, ba Deg ba. Nan yawanci ake faɗuwa. M = 6.283 × 10 ÷ 76 = 0.827. Fara da E = 0.827. Danna 0.827 + 0.967 × sin(0.827), za ka samu 1.54. Mayar da 1.54 cikin sin ɗin, ka samu 1.79. Sake, 1.77. Sake, 1.775. Sake, 1.774. Ta zauna. Mai Google Sheets ya rubuta 0.827 a A1, a A2 ya sa =0.827+0.967*SIN(A1), ya ja ƙasa, shi kenan. Nisanta daga rana: 17.94 × (1 − 0.967 × cos 1.774), wajen taki 21.4. Wato cikin shekara 10 kacal ta wuce Yuranus. Amma sauran taki 14 ɗin sai da ta kwashe kusan shekara 28 tana jan ƙafa, ba ta kai ƙarshe ba sai Disamba na 2023. Yanzu haka ta juyo, tana hanya.

Lissafin namu na rana ce da tauraruwa kawai, ba mu sa fizgar Mushtari ba, don haka kar wani ya ɗauke shi ya ce zai fitar da rana da awa. Mai son ganin inda take a sama ya sauke manhajar Stellarium.

Waɗanda suka gan ta a 1986, lokacin ko jihar Katsina ba a yi ba, muna cikin Kaduna, da yawa sun ce ba ta burge su ba. Gaskiyarsu, ta zo ne rana tana tsakaninmu da ita. A zuwan ne dai kumbon Giotto na Turai ya matsa mata har kusan kilomita 600 ya ɗauko hoton cikinta: dunƙulen ƙanƙara da ƙura, baƙi ƙirin, tsawonsa kamar kilomita 15. Zafin rana ke sa shi fitar da tururi da ƙura, iskar rana ta kora su baya, shi ya sa jelar kullum tana ba rana baya, ko tauraruwar tana zuwa ko tana komawa.

Zuwa na gaba, in Allah ya kai rai, 28 ga Yuli 2061 za ta fi kusantar rana, kuma a wannan karon ɓangare ɗaya za mu kasance da ita, za ta fi ta 1986 haske nesa ba kusa ba. Yaron da aka haifa a 2020 yana da shekara 41 lokacin. Damuwata ɗaya: ƙarshen Yuli a Dutsin-Ma tsakiyar damina ce, sai dai a yi fatan samun daren da hadari ya ɗaga.